Dogo Ne, Fari, Ya Rufe Fuska

 Wannan makon layi ya zo kanmu, mu 'yan gabas, wato Wurno da Rabah da Goronyo. Mun yi niyyar kawo muku gajeren labari kamar yadda aka saba, sai wata gardama ta cinye mana mako uku, ta kuma ƙare a inda ba mu zata ba. Ita za mu ba ku yadda ta faru.

Wani ɗan uwanmu na Goronyo ne ya jawo ta. Ya kalli bidiyo a YouTube kan wani fashin jirgin sama da aka yi a Amurka, ya turo mana yana cewa ga kayan rubuta labarin bincike. Ga yadda abin yake. Ranar 24 ga Nuwamba, 1971, wani mutum sanye da kwat mai duhu ya sayi tikitin dala 20 a birnin Portland da sunan Dan Cooper, ya shiga jirgin kamfanin Northwest Orient ƙirar Boeing 727 mai zuwa Seattle, ya zauna a kujerun can baya. Jirgi na tashi ya miƙa wa wata ma'aikaciya mai suna Florence Schaffner takarda. Ta ɗauka irin mazan nan ne masu ba da lambar waya, ta jefa ta cikin jaka, sai ya raɗa mata cewa gara ta karanta, domin bam ne a jakar hannunsa. Ya nemi dala 200,000 da laimar dira daga jirgi guda huɗu. A Seattle aka kawo masa, ya saki fasinja 36, ya sa aka sake tashi da nufin zuwa Meziko. Bayan ƙarfe takwas na dare, cikin ruwan sama da duhu, ya buɗe matakalar da ke wutsiyar jirgin ya dira da kuɗin. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A 1980 wani yaro ɗan shekara takwas ya tono dala 5,800 da suka fara ruɓewa a bakin kogin Columbia, lambobinsu suka yi daidai da na kuɗin fansar. A 2016 hukumar FBI ta jingine binciken bayan shekara 45.

Kafin a ce kwabo mun rabu gida uku, kamar 'yan gidan kallon ƙwallo ranar wasan Madrid da Barcelona. Wasu suka rantse Richard McCoy ne, tsohon soja wanda a watan Afrilun 1972 ya yi fashin wani jirgin irin wannan, ya karɓi dala 500,000 ya dira da laima, aka kama shi bayan kwana biyu. Wasu suka ce Kenneth Christiansen ne, ma'aikacin kamfanin jirgin kansa, wanda ya koyi dira da laima a soja, kuma ƙaninsa ne ya zarge shi bayan ya mutu. Saura suka riƙe Duane Weber, wanda matarsa ta ce yana gab da mutuwa a 1995 ya faɗa mata shi ne Dan Cooper. Kowa na turo hoton nasa kusa da zanen da 'yan sanda suka yi, yana cewa ku dubi hancin nan, ku dubi kunnen nan.

Wata 'yar uwarmu ta Rabah, wadda muka yi diploma tare a kwalejin kimiyya da fasaha, ita ta fara sanyaya mana gwiwa. Ta ce, “Duk kun bar waɗanda suka gan shi kuna bin hotuna. Su me suka ce?” Muka koma muka duba. Ma'aikata mata biyu ne suka fi daɗewa tare da shi, Schaffner da Tina Mucklow. An yi musu tambayoyi a daren, ɗaya a Seattle ɗaya a Reno, ba su samu damar haɗa baki ba, kuma bayaninsu ya zo kusan ɗaya: mutum ne ɗan wajen shekara 45, tsawonsa kusan ƙafa shida, mai baƙin gashi. An kuma rubuta cewa ƙwayar idonsa ruwan ƙasa ce. To McCoy shekararsa 28 a lokacin. Christiansen ya gaza wancan tsawon. Weber kuwa zanen yatsunsa bai dace da waɗanda aka ɗauka a jirgin ba. A shekara biyar na farko kaɗai FBI ta binciki mutum fiye da 800, kowannensu akwai wanda ya ce wallahi ya yi kama.

Su ma shaidun ba su zama baki ɗaya a komai ba. Akwai fasinjan da ya ce mutumin bai kai tsawon da matan suka faɗa ba. Zanen farko da aka yi, wanda ya zagaya duniya, shaidu sun ce bai yi kama da shi sosai ba, sai da aka sake wani bayan kimanin shekara guda. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne sunan. Duniya ta san shi da D. B. Cooper, alhali shi Dan ya rubuta. Wani bawan Allah ne mai wancan suna 'yan sanda suka bincika a ranakun farko suka wanke shi, ɗan jarida mai gaggawa ya haɗa sunayen, jaridu suka kwafa. Yau fiye da shekara hamsin kuskuren ɗan jarida guda ya fi gaskiya yawo.

Daga nan wani ya ce me ya kai mu Amurka, alhali an taɓa yin irinsa a bayan gidanmu? Ranar 25 ga Oktoba, 1993, matasa huɗu, Richard Ogunderu da Kabir Adenuga da Benneth Oluwadaisi da Kenny Rasaq-Lawal, suka karkatar da jirgin Nigeria Airways ƙirar Airbus A310 da ya tashi daga Legas zuwa Abuja. Jamus suka nufa, ƙarancin mai ya sa suka sauka a Yamai. Buƙatarsu ita ce gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan ta sauka a bai wa M.K.O. Abiola mulki, saboda zaɓen 12 ga Yuni da aka soke. Bayan kwana uku jami'an tsaron Nijar suka kutsa cikin jirgin da dare, aka rasa rai guda cikin ma'aikata, matasan suka shafe fiye da shekara tara a kurkukun Nijar. Wannan ba a ɓoye yake ba, an san su, an san sunayensu. Sai muka ce bari mu tambayi dattawanmu da suka bi labarin a rediyo.

Na farko a Wurno muka same shi yana tsintar tafarnuwa a zaure. Muka durƙusa muka gaishe shi, muka ce, “Baba, ko kana tuna fashin jirgin da aka kai Yamai?” Ya ce, “Ƙwarai kuwa ɗiyana, da kunnena naj ji. Larabawa na, su bakwai, da manyan bindigogi.” Na biyu a Rabah ya ce, “Kai, ɗiyan makaranta na daga kudu, kuma Abacha yab ba da umurni anka faɗa musu, shi ka mulki sa'an nan.” Abacha bai karɓi mulki ba sai 17 ga Nuwamba, kusan mako uku bayan an gama komai. Na uku a Goronyo ya ce jirgin alhazai ne, har ya ambaci wani makwabcinsa da ya ce yana ciki, alhali Hajjin shekarar an gama shi tun farkon damina. Babu maƙaryaci cikin dattawan nan. Kowannensu da za ka ba shi amanar gonarka ka yi tafiyar shekara za ka tarar da ita yadda ka bari. Shekaru ne suka haɗa musu labarin da wasu labaran da suka ji a rediyon nan guda.

Muka ce su tsufa ne, mu da ƙuruciyarmu ai ba za mu yi haka ba. A zamanmu na wata, mu goma sha ɗaya, shugabanmu ya haɗa baki da wani mai sayar da ruwan leda. Ya shigo ana tsakiyar karatu, ya ajiye jaka biyu, ya yi musu da ma'aji kan canji, ya fita. Bayan minti goma aka raba mana takarda aka ce kowa ya siffanta shi ba tare da duba na kusa ba. Huɗu suka ce akwai hula a kansa, huɗu suka ce babu, uku suka bar wurin fili. Rigarsa ta zama shuɗiya, ta zama toka-toka, ta zama koriya. Mutum biyu suka ba shi tsage a kumatu. Da aka kira shi ya dawo, fuskarsa sumul take. Mu ne fa masu alfahari da cewa marubuci ido gare shi, kuma da rana tsaka ne, babu ƙarar bindiga, babu mai gudun ceton rai.

Muna cikin dariya sai muka lura ɗaya daga cikinmu bai yi ba. Ya ce, “Kun tuna hoton da muka yaɗa?” Ɗakin ya yi tsit, domin kowa ya tuna.

Ku da kuke nesa kuna jin labarinmu a rediyo. Kun ji harin Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah a watan Yulin 2018, inda aka kashe fiye da mutum talatin. Kun ji na kasuwar Goronyo ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, wanda gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu. Abin da rediyo ba ya kawo muku shi ne washegarin hari. Bayan an dawo daga maƙabarta, tambaya ɗaya ce a bakin kowa: wa ya nuna musu hanya? Waye infoma?

Bayan wani hari da aka kai wani ƙauye a yankinmu, wata baiwar Allah da ta ɓuya a bayan rumbu ta ce ta ga wanda ke gaba yana nuna gidaje: dogo ne, fari, ya rufe fuska da rawani. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Kafin la'asar maganar ta zama dogo, fari, mai ɗingishi. Kafin isha ta samu suna. Washegari hoton wani manomin albasa ya shigo wayoyinmu da jan rubutu a kansa. Wasunmu suka ɗora a Facebook, wasunmu suka gyara Hausar rubutun don ta fi ratsa zuciya, saura muka gani muka yi shiru. Mun ɗauka jama'armu muke yi wa aiki.

Da dare 'yan uwansa suka fitar da shi a bayan babur. Albasarsa ta ruɓe a fadama, aka fasa auren 'yarsa da aka riga aka sa wa rana. Daga baya ta tabbata cewa daren harin yana Sakkwato yana jinyar matarsa a asibiti, har waɗanda suka kwana ɗaki guda da su suka shaida. Mun goge abin da muka ɗora, amma hoton ya riga ya shiga wayoyin da ba mu san masu su ba. Har yanzu bai dawo garin da zama ba. Mu uku muka je muka same shi inda yake dako a wata kasuwa. Muka ce, “Kawu, mun zo biɗar gafara.” Ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce, “Ni na yafe. Amma ku hwaɗa min, dogo fari nawa ag garinmu?” Muka ƙirga a zuci. Cikinmu mu uku da muka je, biyu dogaye ne farare.

Akwai wani gwaji da masana halayyar ɗan Adam biyu, Elizabeth Loftus da John Palmer, suka yi a 1974. Sun nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota, suka tambayi wasu gudun da motocin ke yi lokacin da suka bugi juna, wasu kuma lokacin da suka ragargaji juna. Waɗanda aka ce wa “ragargaza” sun faɗi gudu mafi yawa, kuma bayan mako guda sun fi yawan cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin. Kalma ɗaya ta mai tambaya ta shiga cikin abin da mai shaida yake tunawa. Idan haka ne, mu da sana'armu zaɓen kalma ce, mun fi kowa iya lalata shaida. Wa ya san ko wani ne ya tambayi matar nan, “Yana ɗingishi ko?” ita kuma cikin firgici ta ce kamar haka ne?

Abin da muka ɗaukar wa kanmu ke nan tun daga ranar. Idan za mu rubuta abin da ya faru da gaske, mukan tambayi shaidu ɗaya bayan ɗaya, kafin su zauna su daidaita labari, kamar yadda aka yi wa ma'aikatan jirgin nan biyu. Mukan bar mutum ya faɗi nasa, ba mu sa masa kalma a baki. Mukan tambaye shi inda yake tsaye, da hasken da ke wurin, da abin da ya gani da idonsa da wanda aka gaya masa. Suna da hoto kuwa ba mu ɗora su kan zargi, ko da duk gari ya haɗu a kai. Wanda yake da ƙwaƙƙwarar shaida ya kai ta inda za a bincika.

A ƙagaggen labari ma darasin ya yi mana amfani. Littattafanmu cike suke da shaidar da ke zuwa gaban alƙali ya zayyano ɓarawo tun daga hula har takalmi, a kama shi a shafi na gaba. Ku gwada rubuta shaidu uku masu gaskiya da suka saɓa wa juna, ku bar mai karatu cikin damuwar da alƙali ke shiga. Labarin zai fi kama da rayuwar da muka sani.

Shi kuwa Cooper mun bar shi inda FBI ta bar shi. Ɗan uwanmu na Goronyo har gobe McCoy yake cewa, amma yanzu yakan ƙara da “a zatona”.

Ku gwada wasan mai ruwan leda a zamanku na gaba, ku kawo mana abin da kuka samu. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, Ya tsare alƙalumanmu daga ɗaukar alhakin bayinsa. Sai mun ji daga gare ku.