Hannuwan da ke Bayan Hawan Sallah

Mu da kakanninmu suka zo Bauchi da fatauci suka zauna, mun taso muna kallon hawan sallah kamar kowa. Ido yana kan mahayi da dokinsa, amma mu 'yan kasuwa mun san inda kayan suke fitowa, domin a wurinmu ake sayen fatar da zaren da yadin.

Sirdi ɗaya kawai, hannu nawa ya ratsa? Masassaƙi ne zai fara fitar da itacensa, baduku ya lulluɓe shi da jemammiyar fata. Maƙeri ya ƙera linzami da likkafa, mai ɗinki ya zauna makonni a kan jalala. Lifidi kuwa, wanda a da shi ke tare wa doki da mahayi kibiya, auduga ake cusawa a cikin yadi a bi ta da allura layi-layi. Tun da Malam Yakubu ya kafa garin nan a 1809, sarauta ba ta taɓa hawa ba sai da waɗannan mutane, har zuwa kan Mai Martaba Rilwanu Sulaiman Adamu da ya hau gadon a 2010.

Sai kuma rumfar da baƙi ke zama su yi kallo, ko dandamalin da ake kafawa don maulidi da saukar karatu. A da gora ce da azara da zana. Yanzu masu walda ne da kafintoci, da bututun ƙarfe da katako da tamfol. Sukan kwana suna aiki, gari ya waye a ga rumfa tsaye, ba wanda ya tambayi wa ya kafa ta. To, ai rayuka ne za su hau kanta. Walda ɗaya in ta yi sanyi, ko aka rage ƙusa don a rage kuɗi, biki ya koma makoki. Wannan amana ce, kuma ba a kan mai aikin kaɗai take ba, har da wanda ya matsa masa a ciniki.

Abin da ke damunmu shi ne, dattawan da suka iya aikin nan suna ta tafiya, rumfunansu kuma babu almajirai. Yaro ya ga ubansa ya gama sirdi kafin sallah, ba a biya shi ba sai bayan layya, yaya za a yi ya zauna? Gara ya hau acaɓa.

Don haka, mai ba da aiki ya ba da shi da wuri, ya biya a kan lokaci. Mai yaro kuma, in an tashi daga Islamiyya, ya kai shi wajen mai sana'a ko na awa biyu ne. Mu ma a shaguna mu riƙa ɗaga musu ƙafa in sun ɗauki kaya bashi.

Allah Ya sa albarka a hannuwansu, Ya maimaita mana. Amin.