Saita Kwamfuta da Wayar Hannu Domin Rubutun Hausa

Duk kwamfuta ko wayar hannu da aka sayo takan zo da saitin da maƙeranta suka zaɓa mata tun daga masana'anta. Waɗanda suke shigowa kasuwanninmu galibi an shirya su ne domin mai rubutu da Ingilishi ko Faransanci, kuma mafi yawan jama'a haka suke ci gaba da amfani da su har su tsufa. Ga ɗan kasuwa mai lissafin kuɗi wannan ba wata babbar damuwa ba ce. Amma ga wanda zai koyar da Hausa al'amarin ya sha bamban, domin na'urar da ba a saita ba takan tilasta wa mai ita karya ƙa'idojin rubutu, ko da kuwa ya san su sarai.

Tushen matsalar shi ne baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai kuma 'y wanda a Jamhuriyar Nijar ake rubuta shi ƴ. Ƙugiyar nan ita ke rarrabe ma'ana. Ƙura daban, kura daban. Wanda ya ɗaure akuya ba ɗaya yake da wanda ya daure wa yunwa ba, haka kuma ƙare da kare, ko ɓari da bari. Waɗanda suka fara rubuta Hausa da boko sun sha fama da waɗannan sautuka, wasu suna ɗiga ɗigo a ƙarƙashin baƙi, wasu suna maƙala masa alama a gefe. A shekarun 1930, zamanin da R. M. East yake jagorancin Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da baƙaƙen da muke amfani da su yau. Abin da aka yi kusan shekara 90 ana ginawa bai kamata mu rushe shi da babban yatsa ba.

Lokacin da nake ɗalibi, keken rubutu ake kai wa kundi a buga. Idan an gama, sai mai kundin ya zauna da biro yana bin shafi ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasa wa baƙaƙe ƙugiya. A shekarun 1990 aka sami sauƙi, da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da tsarin haruffan kwamfuta masu suna Rabi'at da Abdalla, waɗanda marubuta da maɗaba'u suka ci moriyarsu ƙwarai. Dabarar wancan zamani ita ce a ari gurbin wasu alamomi da ba a cika amfani da su ba, a zana baƙaƙen Hausa a madadinsu. Shi ya sa idan aka buɗe tsohon aiki a kwamfutar da ba ta da waɗannan haruffa sai a ga baka da sanduna a tsakiyar kalma.

A yau an wuce wannan mataki, saboda tsarin Yunikod da aka fara fitarwa a 1991 ya bai wa kowane baƙi lambarsa ta dindindin. Lambar ƙ ita ce 0199, ta ɓ 0253, ta ɗ 0257, ta ƴ kuwa 01B4. Manyansu su ne 0198 da 0181 da 018A da 01B3. Ma'anar wannan ita ce, baƙin da aka rubuta a Katsina zai isa Damagaram ko Kumasi da ƙugiyarsa. Abin da ya rage kawai shi ne mai na'ura ya san inda zai taɓa.

Saiti na farko shi ne na allon rubutu. A wayar Android, allon Gboard yana da Hausa a cikin jerin harsunansa. Ana shiga saitin allon, a zaɓi wurin harsuna, a ƙara Hausa. Daga nan idan aka danna b ko d ko k aka riƙe, sai mai ƙugiyar ya bayyana a zaɓe shi. A kwamfuta mai Windows ma akwai allon Hausa a sashen harshe, wanda ke fitar da baƙaƙen idan aka haɗa maɓallin Alt na dama da baƙin da ake so. Wanda ya tsinci kansa a kan kwamfutar aro yana iya rubuta lambar baƙin a cikin Microsoft Word, alal misali 0199, sannan ya danna Alt da X tare, nan take lambar za ta rikiɗe ta koma ƙ.

Saiti na biyu shi ne na gyaran rubutu da na'ura ke yi da kanta. An tanadi wannan ne domin taimako, to amma ƙamus ɗin da take dubawa na wani harshe ne, don haka duk kalmar Hausa kuskure ce a wurinta. Takan ja jan layi a ƙarƙashin shafi sukutum, ta raba ina ta koma gida biyu, ta mayar da i ta amsawa babban baƙi a tsakiyar jimla. Akwai kuma wata illa da ba kowa ke lura da ita ba. Idan aka rubuta 'ya'ya ko 'yanci, manhajar rubutu takan ɗauki alamar farko a matsayin buɗe zance, sai ta juya mata fuska. Maganin duk wannan shi ne a shiga saitin gyaran rubutu a kashe canza kalma da juya alamar zance, a kuma sanar da manhajar cewa harshen takardar Hausa ne. Na taɓa karɓar jingar ɗalibai da aka buga a wani shagon buga takardu, na tarar kusan kowane shafi yana ɗauke da irin waɗannan kurakurai. Da na sa suka kawo rubutunsu na hannu sai na ga yawancinsu daidai suka rubuta. Saura kaɗan su yi asarar maki a kan laifin da ba nasu ba.

Saiti na uku ya shafi zubin haruffa da adana aiki. Ba kowane zubi ne yake da baƙaƙenmu ba. Idan babu, kwamfuta takan aro daga wani zubin, sai a ga ƙ ta fi 'yan'uwanta tsawo ko kauri, ko kuma a ga ɗan akwati a gurbinta. Charis SIL da Noto suna da su cif, kuma kyauta ake samunsu. Yana da kyau malami ya zaɓi ɗaya ya mayar da shi zubin da kowace sabuwar takarda za ta buɗe da shi. Idan kuwa takardar jarrabawa ce za a kai wani wuri a buga, a fara mayar da ita PDF, domin ta haka haruffan suke tafiya tare da takardar. Ya kamata kuma a san cewa gajeren saƙon waya yana ɗaukar haruffa 160 ne, amma da zarar baƙi mai ƙugiya ɗaya ya shiga sai adadin ya sauko zuwa 70. Wannan na cikin dalilan da suka sa jama'a suka saba da yar da ƙugiya. Saƙonnin da ke bi ta intanet, kamar na WhatsApp, ba su da wannan ƙaidi, saboda haka uzurin ya ragu ƙwarai.

Wani zai ce ai mai karatu Bahaushe yana gane abin da ake nufi daga muhallin kalma. Gaskiya ne, babba yakan gane. Yaron da ke aji uku na firamare fa, ko wanda Hausa ba harshen gidansu ba ce? Abin da ya gani a takardar malaminsa shi zai ɗauka daidai. Bugu da ƙari, manhajojin fassara da masu hasashen kalma daga rubutun da muke zubawa a intanet suke koyon Hausa. Idan muka ba su gurguwar Hausa, ita za su dawo wa 'ya'yanmu da ita.

Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Duk saitin da na lissafa ba zai ci ɗalibi rabin sa'a ba, kuma sau ɗaya ake yin sa. Shawarata ga duk mai shirin fita koyarwar gwaji ita ce, kafin ya buga tsarin darasinsa na farko ya zauna ya saita wayarsa da kwamfutar da zai yi aiki da ita, ya gwada rubuta ɓauna da ɗorawa da ƙwarya da 'ya'ya, ya aika wa abokinsa ya ga yadda suka isa. In sun isa lafiya, sai ya koya wa malaman makarantar da aka tura shi.