Kayan ƙarƙashin gado

Ƴan uwana mata, ba abin da ke kwance bakin zanen mace da sauri kamar ta ji an ce "araha ce". Kuɗin da ta hana yaro na ƙosai da safe, su ne za ta miƙa wa mai tallar roba da hantsi tana murmushi, ta shigo gida tana cewa ta yi sa'a. Kowace ta leƙa ƙarƙashin gadonta da bisa akwati: kulolin da ba a taɓa zuba tuwo ciki ba, kofuna dozin cikin ledarsu, takalmin da ya matse ƙafa tun a kasuwa amma aka ce zai saki.

Shekara 6 ke nan ni ke rubuta zubi da rance a ƙungiyarmu ta asusu, nan Maradi, kuma littafin nan ya nuna mini hanyar da kuɗinmu ke bi. Tun da naira ta faɗi a 2023 da 2024, kayan da ake shigowa da su ta Jibiya da Ɗan Isa suka zama kamar kyauta idan aka juya farashinsu zuwa sefa. Ƴan uwanmu na Ƙonni sun san irin wannan da kayan Illela. Ga dillaliya kuma, har tsakar gida, tana cewa: "Yaya, ɗauki mana, ai ba yau za ki biya ba, dala 20 kullum." Ba na ganin laifinta, da yawa cikinmu sana'armu ke nan. Amma dala 20 kullum, a wata guda jika 3 ce cif. Wace ce cikinmu za ta zaro jika 3 lokaci guda don faranti mai zanen fure?

Wata daga cikinmu, ba zan kama suna ba, ta ɗauki rancen jika 10 don ta sari gyaɗa ta yi ƙuli-ƙuli da mai. A ƙa'idarmu, jika 10 jika 11 ake maidowa ƙarshen wata. A hanyar kasuwa ta gamu da mai kuloli yana karya farashi, wai sauran saiti biyu. Jika 4 ta tafi nan. Da jika 6 ta yi sana'ar da ta yi wa lissafin jika 10. Ranar biya sai da ta sayar da ɗan akuyar da take kiwo don kuɗin lakkol na yaronta. Kulolin suna nan, sababbi ƙal, ko kwalin ba a yaga ba.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta: ai ajiya ce, kayan ɗakin ɗiya ake tarawa. To, ɗiyar nan shekararta 7. Kafin ta isa aure yayi ya sauya sau nawa? Roba kuma ba ta jure zafinmu, ta shekara biyu a ɗakin kwano sai ki taɓa ta ta tsage. Iyayenmu da suka jera tasoshi da kwanonin jere har rufin ɗaki, su aƙalla in ta ɓaci suna iya ciro ɗaya a kai wa dillaliya ta zama kuɗin magani. Gwada kai robar bara kasuwa ki ji abin da za a taya.

Ba cewa nake mu guji araha ba. Da kaka, hatsi da wake suna zubewa, tiya ta yi sauƙi, in damina ta yi nisa kuma ta hau. Wadda ta auna da kaka ta adana, ita ce ta ci araha, don ko ta sayar ko a ci, tukunya ce ta amfana. Haka sabulu, haka gishiri, duk abin da kin san dole gobe ki neme shi. Abin tambaya kawai, kafin mai talla ya buɗe baki, kina neman abin nan? In sai da kika ji kuɗinsa kika tuna kina so, ki ce ya dawo jibi. Sau da yawa kafin jibin son ya wuce, kuma "sauran biyu" ɗin nan suna nan a kansa.

Bayan rabon asusun bara muka yi shawara kowace ta fito da abin da ta saya ba ta taɓa amfani da shi ba, mu yi ciniki tsakaninmu, kuɗin su koma zubi. An sha dariya ranar nan. Tabarma uku suka cika. Wata ta sami tukunyar da ta daɗe tana nema a rabin kuɗi, wata ta musanya mayafi da bokiti. Abu ɗaya ne ba wadda ta taya, ɗan injin markaɗe mai aiki da lantarki. Mai shi ta ce a jika 2 ta same shi, ina za ta bari ya wuce ta. Unguwarsu har yau ba a kai wuta ba.