MARAƊI, GARIN DA DALA KE TSUFA A HANNUN MUTANE

Da yawanmu 'yan matan Kano mun tashi ba mu san ƙarar silalla a bakin zane ba, domin tun da aka fito da naira da kwabo a 1973 darajar ƙarfen take ta zubewa, har sabbin da aka buga a 2007 ma ba su zauna a kasuwa ba. To wadda ke son ganin inda kuɗin ƙarfe ke da rai, sai ta bi hanyar Katsina, ta wuce Jibiya, ta tsallaka iyaka ta Ɗan Isa, ta sauka Maraɗi.

Ni bikin 'yar goggona ya kai ni, na yi mako biyu. Garin Katsinawa ne, waɗanda suka baro gida bayan jihadi, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Tsohon garin a bakin gulbi yake, ambaliyar 1945 ta cinye shi aka hauro tudu. A wannan shekarar kuma aka ƙirƙiro kuɗin sefa.

Lissafinsu sai an natsu. Sefa 5 ita ce dala ɗaya, saboda haka in mai ƙosai ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi, jikka kuwa 1,000. Sunan ya samo asali daga tsohuwar dalar azurfa mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wadda ake buga wa shekarar 1780, irin wadda kakanninmu ke ratayawa a wuya.

Abin da ya kama min hankali shi ne yadda wasu silallan suka shafe sumul kamar an lashe. Ƙasashe takwas ke cin kuɗin nan: Nijar, Mali, Senegal, Togo, Benin, Burkina Faso, Kwaddibuwa da Gini Bisau. Ashe dalar da ke hannunki wataƙila ta sayi kifi a Dakar, ta biya kuɗin mota a Lome, kafin ta faɗo tiren mai goro a Maraɗi. Wurin da ya fi tudu shi ke fara cinyewa. A tsofaffin dala ɗaya da dala biyu akwai kan barewa, sai ki ga fuskar ta tafi saura inuwar ƙaho. Ɗaya gefen kuma akwai tambarin babban bankinsu, siffar kifi mai baki kamar zarto, wanda aka ɗauko daga ma'aunin zinaren mutanen Akan. Dala ashirin fara, wadda aka fara bugawa a 1967, ita ta fi shan wahala.

Amma fa 'yan uwa, tsufan nan akwai wanda yake ci. Wata yamma a bakin kasuwa na tarar da wata yarinya mai tallar gyaɗa, ba ta fi shekara tara ba, ta haɗa kai da gwiwa tana kuka. Na ce, "Ƙanwata, lafiya?" Ta buɗe tafin hannu ta ce, "Yaya, wani ya ba ni wagga dala ashirin, kowa ya ƙi amsa, an ce ta shahe. In na koma gida Inna cewa za ta yi ni na ci." Wallahi sai da zuciyata ta karye. Mai kanti ya ƙi, mai mota ya ƙi, a ƙarshe shafaffen kuɗi kan tsaya ne a hannun wanda bai da bakin musu. Na karɓa na ba ta sabuwa, ta share hawaye ta ruga. Da ƙyar na iya karanto 1975 a jikinta, wato ta girmi mahaifiyata.

Daga ranar na fara tarawa. Duk canjin da aka miƙo min sai na juya shi, wanda ya fi shafewa in jefa a gwangwanin alawa. Goggo ta yi ta dariya tana cewa, "Ke kuma 'yar nan, mutane na gudun abu kina bin sa da kuɗinki?" Amma da ta ga da gaske nake, sai ta kwance ƙullin da ke ƙasan adakarta ta ba ni anini da kwabo mai huji na zamanin Turawan Ingila, ta ce na kakarmu ne, da su aka yi mata gara. Nan muka zauna har dare tana ba ni labarin taro da sisi da sule, da yadda ake zura masu huji a zare a ɗaura a ƙugu.

Ga mai sha'awar farawa, kada ki goge su da toka ko lemon tsami, ɗan rubutun da ya rage zai tafi. Ruwa da sabulu sun isa, ki shanya su bushe sosai, ki naɗe kowanne a takarda ki rubuta shekararsa da inda kika samo shi. Ba arziki za su kawo miki ba, shafaffe ba ya tsada wurin masu saye, tarihin hannuwan da ya ratsa kawai kike ajiyewa.

Iyayenmu mata kuma ina roƙonku, in yarinya ta dawo da kuɗin da aka ƙi, a bincika kafin a ɗaga hannu. Masu saye su ji tsoron Allah, kada a zaɓi ƙaramin yaro a sauke masa abin da babba ya ƙi.

A rubuto min in akwai mai tsohon kuɗi a ɗakin kakarta. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.