Tsutsar Tumfafiya A Ɗakin Karatu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana malamai labarin abin da ya kusa jawo mini zargi a garinmu.

Ni ke koyar da ajin ƙananan yara, 'yan shekara 5. Ran nan na tambaye su inda malam-buɗe-littafi ya ke fitowa. Wani ya ce cikin fure, wata ta ce ruwan sama ke zubo shi. Da na ce tsutsa ce ke rikiɗa, sai suka tuntsire da dariya, wai Malam na tatsuniya da rana tsaka. Ban ga laifinsu ba. Ko a Turai, lokacin da Maria Merian ta buga littafinta na rikiɗar tsutsa a ƙasar Jamus, a 1679, da yawa na zaton daga laka ƙwari su ke fita. Ni kaina a takarda kaɗai na sani.

Sai na fita bayan gari, na bi tumfafiya ina duba bayan ganye, na samo tsutsa 6 masu zanen fari da baƙi da ɗigon rawaya. Na sa su a babbar kwalba, na ɗaure bakinta da yankin gidan sauro. Ganyen kuwa ni kaɗai ke tsinko musu, gama nonon tumfafiya mugu ne ga ido. Wannan dafi shi ne garkuwar tsutsar: tana tara shi a jikinta, tsuntsun da ya ɗanɗana irinta ba ya marmarin ƙari.

Ana nan sai ga wani dattijo maɗinkin riguna, wanda jikarsa ke ajina. Ya ce an aiko yara karatu, na mai da su makiyayan tsutsa. In ban bari ba zai cire yarinyar. Maganar ta yi mini nauyi, don da ƙyar aka shawo kansa ya kawo ta. Na ce, "Baba, ka yi mini haƙurin mako 3. In ba ka ga abin da ya gamshe ka ba, da hannuna zan zubar."

Biyu suka mutu, yara suka yi ta kuka. Sauran 4 suka ci suka ƙoshi, sa'an nan kowace ta rataye kanta, kai a ƙasa, ta tuɓe fata, ta zama ɗan ƙulli kore mai ɗigon zinariya, kamar ɗan kunnen amarya. Daga nan fa shiru, ba ci ba motsi. Kullum da safe yaro guda ya ja layi a allo, mu ƙirga tare, har ƙidayar da ta gagare su wata biyu ta zauna musu. Suka ce sun mutu. Ni ma, gaskiya, gabana na faɗuwa. Ran kwana 10 ƙulli ɗaya ya yi duhu, ana hangen fiffike ta ciki. Na aika a kira Baba.

Yana zaune bisa tabarma ƙullin ya tsage. Abin ya fito jiƙe, ciki ƙato, fukafukai a tattare kamar tsumma. Ya yi ta tura ruwan cikinsa zuwa jijiyoyinsu har suka miƙe: ruwan goro, bakinsu baƙi da ɗigon fari, na baya kuma farare. Dattijo ya daɗe bai ce uffan ba, kana ya ce, "Ikon Allah! Shekara 50 ina ɗinki da zaren tsamiya, na san gidan tsutsa ne, ban taɓa tambayar ina mai gidan ta ke zuwa ba." Jikarsa ce ta kwance bakin kwalbar, kuma har yau tana ajin.

Malamin da ba shi da tumfafiya kusa ya duba ganyen lemo, akwai wata iri a can. Sai dai kowace a ba ta ganyen da aka same ta a kai, don ba kowane ganye ta ke ci ba.

Wassalam.

Naka,
Wani Malamin Ƙananan Yara