Ranar da Muka Kai Auta Makaranta

Ya kai mai karatu, ko kana tuna ranar da aka fara kai ka makaranta? Ni na manta tawa, amma ta ƙanena Auta tana nan a raina har yau.

A unguwar Sabo ta Ibadan muka tashi, kuma a gidanmu Hausa kawai ake yi. Da Auta ya cika shekara biyar, Baba ya sa tela ya ɗinka masa kayan makaranta, ya sayo jaka da takalmi. A ganinmu shiri ya kammala. Babu wanda ya zaunar da yaron ya gaya masa inda za shi da abin da zai tarar a can.

Ran Litinin da safe ni na riƙe hannunsa har ƙofar ajin share fage. Ina sakin hannun sai ya fashe da kuka, ni kuwa na yi sauri na wuce don kada in makara. Da na dawo ɗaukarsa da rana, na tarar da shi a lungu, wandonsa a jiƙe, yara suna yi masa dariya. Fitsari ne ya matse shi. Bai san inda banɗaki yake ba, bai kuma san yadda zai nemi izini da Yarabanci ko Turanci ba. Malamar ba ta jin Hausa, ga yara sun cika mata aji. Ban ga laifinta ba.

Washegari Auta ya ɓuya a ƙarƙashin gado. Baba ya ɗauko bulala, sai Inna ta ce, "Malam, a yi haƙuri. Wannan ba ƙiwuya ba ce, tsoro ne. Mu ne ba mu shirya shi ba."

Inna ba ta yi karatun boko ba, amma ranar nan ta yafa mayafinta muka je wurin malamar, ina yi mata tafinta. Na zaci za a ce yaro ya iya rubutu. Ashe ba haka ba ne. Malamar ta ce abin da take so shi ne ya san cikakken sunansa da na mahaifinsa, ya iya neman izinin fita, ya iya wanke hannu da buɗe kwanon abincinsa, ya kuma saba zama ya saurari magana na ɗan lokaci.

Daga nan gidanmu ya koma aji. Inna ta je wurin maƙwabciyarmu Bayarabiya ta koyo yadda ake cewa "ina son ruwa" da "zan je banɗaki", ta riƙa maimaita wa Auta tana girki. Da dare takan yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, sannan ta ce shi ma ya ba ta labarin. Baba da kansa, wanda ya ɗauko bulala, ya koma koya masa ƙirga da goron da yake sayarwa. Ni kuma na zama malamar wasa, sai ya ɗaga hannu nake ba shi izinin magana.

Daga baya na karanta cewa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya renon ƙananan yara da koyar da su cikin ilimin tushe. Doka ce mai kyau, sai dai ba ta shiga ɗaki ta fito da yaro daga ƙarƙashin gado. Idan akwai wanda zai fara makaranta a gidanku, ka tambayi iyayenku ko an taɓa kai shi ya ga ƙofarta.

Kullum Inna takan yi wa Auta alkawarin za ta zo ɗaukarsa, kuma ba ta taɓa saɓawa ba. A mako na uku, muna isa ƙofar aji, shi da kansa ya zare hannunsa daga nawa, ya ce, "Yaya, tafi, za ka makara."