Takardar Jirgin Ruwa Mai Harsuna Huɗu

A cikin tsofaffin takardun da masu tara kayan tarihi ke rububin saye a Amurka, babu waɗanda suka ɗauki hankalina kamar na jiragen ruwan fatake. A da can, tun daga zamanin George Washington, jirgin Amurka da zai tafi fatauci ƙetare yakan riƙe takardar shaida mai ɗauke da sa hannun shugaban ƙasa da na sakataren harkokin waje. Shi ya sa daga 1801 zuwa 1809 akan ga hannun Thomas Jefferson da na James Madison a takarda guda.

Masu saye dai sa hannun suke bi. Alhali shugaban bai san jirgin ba, balle matuƙinsa. Tuli guda yake sa wa hannu tun ba a cike ba, a aika wa jami'an kwastan na tashoshin ruwa, su rubuta sunan jirgi da na kyaftin. William Henry Harrison wata ɗaya kacal ya yi a kan mulki a 1841 ya rasu, don haka takardunsa suka yi ƙaranci, suka kuma yi tsada.

Ni kuwa da nake ɗalibin harshe, idona wani wuri yake. Wani nau'in takardun an buga shi ne da harsuna huɗu a jere: Faransanci, Sifaniyanci, Ingilishi da harshen Holan. In jirgin yaƙi ya tare su lokacin da Turawa ke gwabzawa, kwamandansa zai karanta da harshen da yake ji cewa waɗannan mutane ba ruwansu da faɗan.

Na Bahar Rum ya fi ba ni mamaki. Bayan yarjejeniyar da Amurka ta ƙulla da Aljeriya a 1795, sai aka riƙa yanke saman takardar a lanƙwashe, a aika da guntun can. Maharin da bai iya Ingilishi ba sai ya kara guntun da ke hannunsa. In ya dace, jirgi ya wuce. In bai dace ba, kaya da mutane na iya zama ganima.

A yau sunan shugaba ake taya wa kuɗi, mai fassarar kuwa ko sunansa ba a sa ba. Amma a tsakiyar teku, fassararsa aka karanta kafin a bar matuƙi ya koma gida. Abin da nake tunawa ke nan duk sa'ad da aka ba mu aikin fassara a aji.